Kwana uku kacal a Landan, ga Baba da ciwon gwiwa: ina da ina za mu kai shi?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. In Allah ya yarda a watan Yuli ƙanwata za ta karɓi shaidar kammala digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma Allah ya sa an ba mu biza ni da mahaifinmu. Bayan biki muna da kwana uku a Landan kafin mu hau jirgi. Baba shekararsa 74, tsohon hedimasta ne, ya koyar da tarihi da labarin ƙasa fiye da shekara talatin, kuma in ban da aikin Hajji bai taɓa fita ƙasar waje ba. Ba kantuna yake so ba, wuraren tarihi yake so ya gani da idonsa. Matsala biyu ce: gwiwarsa ba ta son doguwar tafiya ko hawa bene, sannan kun san yadda fam take da naira. Waɗanda suka san gari, don Allah ina da ina ya kamata mu je?

Gwaggon Yara: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo ku lafiya. Shekarata 19 a garin nan, kuma na zagaya da baƙi ba adadi. Ƙanina, abu na farko, kada ka ce sai kun ga komai. Masu yin haka kwana ɗaya suke yi su kwanta ciwon ƙafa. Wuri biyu a rana ya ishi dattijo.

Ku fara da Westminster. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta wurin tana da lif, kuna fitowa za ku ga hasumiyar agogo a kanku. Ka gaya wa Baba, ko da yake na san ya sani, Big Ben sunan ƙararrawar da ke ciki ne, nauyinta ya haura tan 13. Hasumiyar kanta tun 2012 aka sa mata sunan Elizabeth. Majalisar dokoki na manne da ita, cocin Westminster Abbey na tsallaken titi. Daga nan ku gangara bakin Kogin Thames ku shiga jirgin ruwa. Yana zaune zai ga rabin garin, ba tare da ya wahalar da gwiwa ba. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai kati, ka tanadi katin sufuri na Oyster guda biyu. Kuma yawancin tsofaffin tashoshin ƙarƙashin ƙasa matakala ce zalla, ka riƙa dubawa kafin ku sauka.

Ɗalibar Landan: Na goyi bayan Gwaggo a kan jirgin ruwa. Ku sauka a Hasumiyar Landan. A ganina in wuri ɗaya za ku biya kuɗi ku shiga, to nan ne. Farin ginin da ke tsakiya William na Nomandi ne ya fara shi wajen 1078, bayan ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Ya gina shi ne don mutanen garin su riƙa ɗaga kai suna ganin wanda ke mulkinsu. An yi fada a ciki, an yi kurkuku, an buga kuɗi, har namun daji an ajiye. A nan aka sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, a 1536. Dogaran wurin duk tsofaffin sojoji ne, kuma su ne ke zagayawa da baƙi suna ba da labari. Akwai hankaki da ake kiwo, manya, baƙaƙe wuluk, ba irin namu masu farin ƙirji ba. Ba a bari su gaza shida, don akwai camfin cewa ranar da suka watse masarauta za ta faɗi.

Sai dai Yaya ka kula, daɓen wurin duwatsu ne masu tudu da kwari, kuma farin ginin matakala ce har sama. Baba ya tsaya a ƙasa. Ɗakin kayan sarauta a ƙasa yake, har akwai bel da kake tsayawa a kai yana wucewa da kai ta gaban kambunan. Ku je da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Ba a ɗaukar hoto a ciki. Tikitin babba ya haura fam 30, masu shekaru irin Baba ana yi musu ragi. Gadar nan mai hasumiya biyu da ke buɗewa jirgi ya wuce, Tower Bridge, tana nan gefe, an gama ta a 1894. Ita mutane ke kira Gadar Landan, alhali waccan wata ce daban mara ado.

Malam Na-Gwale: Ku gafarce ni, amma zan faɗi abin da ke raina. A ce mutum ya tara nairarsa da gumi, ya canza ta zuwa fam, ya kai wa waɗanda suka kwashe dukiyar duniya don su nuna masa abin da suka kwashe? Me ke cikin ɗakin kayan sarautar? Lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda aka karɓe a 1849 daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab, yaro ɗan shekara goma da aka sa ya rattaba hannu a takarda. Sai Cullinan, da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, kuma gwamnatin 'yan mulkin mallaka ta Transvaal ta miƙa wa Sarki Edward na Bakwai a 1907. Babban yankinsa, karat 530, shi ne a kan sandar sarauta. An tambayi masu ƙasar? Su kansu sun san akwai magana, shi ya sa a naɗin Charles a 2023 ba a ɗora Koh-i-Noor a kan kowa ba. Ni malamin tarihi ne kamar Baba, kuma ko kyauta aka ce in shiga sai na yi tunani.

Ɗalibar Landan: Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Amma ni da na tsaya a gaban sandar nan, ba sha'awa ce ta kama ni ba. A nan ne na fahimci abin da ake nufi da daula, fiye da duk abin da na karanta a aji. Gani ya kori ji.

Malam Na-Gwale: Gani ya kori ji, gaskiya ne 'yata, amma kuɗin ganin aljihun wa yake shiga?

Gwaggon Yara: To Malam, ga wanda ba a biya. Gidan Tarihin Birtaniya kyauta ne, sai in mutum ya ga dama ya jefa wani abu a akwati. An kafa shi a 1753, aka buɗe a 1759. Suna ba da aron keken guragu da 'yan kujerun ninkewa. Baban Walida, ka nemi keken tun kafin ku je.

Malam Na-Gwale: Hajiya, ai nan ne ma ciwon ya fi. Ku sauka ƙasa ɗakin Afirka ku ga tagullan Benin. A 1897 sojojin Birtaniya suka ƙone birnin, suka kwashe dubban kayan fada, na tagulla da na hauren giwa, suka kora Oba Ovonramwen zuwa Kalaba inda ya rasu a 1914. Wannan gidan kaɗai yana riƙe da wajen 900. Jamus ta mayar wa Najeriya mallakar sama da 1,000 a 2022. A cikin Landan ɗin ma, ƙaramin gidan tarihi na Horniman ya miƙa mallakar guda 72 a wannan shekarar. Babban gidan kuwa ya fake da dokar 1963 wadda ta hana shi rabuwa da kayansa. Doka ai mutum ne ya rubuta ta, majalisar da Hajiya ta ce a je a gani tana iya gyara ta cikin mako guda in tana so. Kuma hujjar nan ta cewa a wurinsu kaya suka fi tsira, ai ta faɗi a 2023, lokacin da suka fito suka ce kaya wajen 2,000 sun ɓata ko an sace ko sun lalace, har shugaban gidan ya ajiye aiki.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Malam, ina tare da kai a mayar da kaya, babu ja. Amma bari in taɓo inda ke mana zafi. Ɗaliba ta ce an fara farin ginin nan wajen 1078. Ganuwar Kano fa? Sarki Gijimasu ne ya fara ta, tsakaninsu bai fi 'yan shekaru goma-goma ba, kusan sa'o'in juna ne. Yau ɗaya mutane na bin layi su biya su gani, ɗaya kuwa ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana gina shaguna a kanta. Na san ginin dutse da na ƙasa ba ɗaya ba ne, amma hasumiyar masallacin Agadas ma ta ƙasa ce, tun 1515, aka sake gina ta a 1844, tana nan tsaye saboda ana yi mata yaɓe, har UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ni da na je Landan, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ko gidan da wani marubuci ya taɓa zama sai ka ga an manna shuɗin allo da sunansa da shekarunsa. Na dawo gida da kunya, ba da fushi kaɗai ba.

Malam Na-Gwale: Sakacinmu laifinmu ne, na yarda, kuma ina faɗa wa ɗalibaina kullum. Amma don na bar katangar gidana ta zube ba shi ne zai halatta wa wanda ya ɗauke mini akwati ya riƙe ba. Magana biyu ce, kada a haɗa su.

Ɗan Damagaram: Ban haɗa ba Malam. Cewa na yi Baba ya je ya ga duka biyun.

Baban Walida: Na karanta wa Baba abin da kuka rubuta bayan sallar Isha'i. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara talatin yana koyar da yara labarin Benin da wani hoto baƙi da fari a littafi, wanda ko fuskar Oba ba a gani sosai, don haka zai je. Kayan sarauta kuwa ya ce bai damu ba, a bar kuɗin. Malam, ka ga kun raba: ka ci ɗaya, Gwaggo ta ci ɗaya. Amma ya sa ni in tambaya, shiga coci don kallo fa? Kuma wai gawar Fir'auna tana can?

Ustaz Abu Hanan: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar shiga coci malamai sun yi saɓani, wasu sun karhanta saboda gumaka da hotuna, da yawa kuma sun halatta in ba ibadarsu za a shiga ba. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tsaya daga waje, babu abin da ya rasa na addini. Ni na shiga Westminster Abbey sau ɗaya. Tun 1066 a nan ake naɗa sarakunansu, kujerar naɗin ta katako tana nan, ta haura shekara 700, har da sunayen da 'yan makaranta suka sassaƙa a jikinta. Amma abin da ya fi yawa a ciki kaburbura ne, sama da mutum 3,000. Newton da Darwin da Livingstone duk suna nan, kuma a kan wasu kabarin ake takawa, don a daɓe suke. Wannan ya dame ni ƙwarai, na riƙa kewayewa. Kabari ɗaya ne ba a takawa, na sojan da ba a san sunansa ba wanda aka binne a 1920. Ranar Lahadi ba a shiga kallo, ranar ibadarsu ce.

Fir'auna kuwa ba ya Landan. Gawarwakin manyan sarakunan Masar irin su Ramsis na Biyu suna Alƙahira. Abin da ke Landan ƙaton gunkin Ramsis ne na dutse, kai da ƙirji, nauyinsa ya haura tan 7, da dutsen Rosetta wanda da shi aka gano karatun rubutun mutanen Masar na dā a 1822. Amma a bene akwai gawarwakin wasu mutanen a cikin gilashi. Shawarata kada ku hau. Mamaci yana da alfarma ko da ya shekara dubu uku. Maimakon haka ku nemi ɗakin kayan duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018.

Ɗalibar Landan: Ƙari a kan na Ustaz. Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke kusa da tashar King's Cross yana da ɗakin da ake baje tsofaffin rubuce-rubuce, shi ma kyauta. Suna da Alƙur'anin Sultan Baibars da aka rubuta da ruwan zinare a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, da takardar Magna Carta ta 1215 wadda ta iyakance ikon sarkin Ingila. Suna sauya abin da suke fitarwa lokaci zuwa lokaci. Kuma bayan gidan tarihin kaɗan akwai SOAS, makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, inda aka daɗe ana koyar da Hausa. A wannan unguwar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun koyarwa a 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa. Tsohon hedimasta zai so ya taka wurin.

Ɗan Zangon Ashaiman: Gaisuwa daga Gana. Ku duka kun manta da wuri mafi muhimmanci ga duk wanda ya tashi da rediyo a kunne. Sau nawa Baba ya ji an ce "agogon GMT"? To G ɗin nan Greenwich ne, unguwa ce a bakin kogi, kuma jirgin ruwan da Gwaggo ta faɗa yana kaiwa har can. A kan tudu akwai gidan duban taurari da aka kafa a 1675, kuma a taron da aka yi a Washinton a 1884 aka amince layin da ya ratsa ta nan shi ne mafarin awon gabas da yamma. Layin nan in ka biyo shi kudu, ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina, a Tema yake faɗawa teku, nan kusa da mu. Da na je na tsaya a kansa, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, sai na ji kamar in na miƙe sosai zan iso ƙofar gidanmu. Malamin labarin ƙasa ba zai yafe maka ba in ka hana shi wannan.

Gwaggon Yara: Gaskiyarka, amma tudun nan ba na mai ciwon gwiwa ba ne, ni kaina sai na huta a hanya. Ku ɗauki tasi daga bakin kogi ta zagaya da ku ta ƙofar Blackheath, daga can shimfiɗaɗɗiyar hanya ce. A jikin katangar ƙofa akwai agogo mai awa 24 tun 1852, kallonsa kyauta ne. Shiga farfajiyar da layin yake sai da tikiti.

Tunda an yi maganar rediyo, ku bi ta Aldwych a bas ku ga Bush House. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, kuma daga wannan ginin aka yi ta watsa shirye-shirye har 2012. Yanzu jami'a ce ke amfani da shi.

Sai sallah. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, Isha'i kusan sha ɗaya, asuba wajen uku. Ku matafiya ne, kuna da ƙasaru. In Juma'a ta riske ku, ku je babban masallacin Regent's Park mai ƙubbar zinare, ku isa da wuri don cika yake yi.

Ustaz Abu Hanan: In da lokaci, masallacin Brick Lane ma tarihi ne. An gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan gudun hijira, a 1898 ya zama wurin ibadar Yahudawa, a 1976 ya zama masallacin mutanen Bangaladash. A goshin ginin akwai agogon rana da rubutun Latin mai ma'anar "mu inuwa ne". Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Malam Na-Gwale: Tunda an rinjaye ni a kan tafiyar, bari in ba da nawa. Ka kai Baba ya ga Lancaster House, ko daga waje ne, don ba a cika buɗe shi ga jama'a ba. Yana dab da fadar Buckingham. A ciki aka yi taron tsarin mulkin Najeriya a 1957 da 1958, su Sardauna da Awolowo da Azikiwe da Tafawa Ɓalewa, kuma a na biyun aka tsayar da ranar 1 ga Oktoba 1960. Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da faɗuwar Sakkwato a 1903. Wannan tarihinmu ne, ba nasu kaɗai ba.

Baban Walida: Na gode Malam. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, don ban ɗauka yana da alaƙa ba. Kakanmu, mahaifin Baba, ya yi yaƙin Bama. Ya dawo da lambar tauraro da tari wanda bai rabu da shi ba har ya rasu. Jiya Baba ya ce in tambaya ko akwai inda Turawa suka rubuta sunayen sojojinmu.

Gwaggon Yara: Allah ya jiƙansa. Akwai wuri, amma ka shirya zuciyar Baba. Sunansa Memorial Gates, a ƙarshen titin Constitution Hill, daga fadar Buckingham in ka nufi Hyde Park Corner. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe shi a 2002, shekara 57 bayan gama yaƙin. Ginshiƙai huɗu ne na farin dutse, don tunawa da mutum miliyan biyar daga yankin Indiya da Afirka da Karibiyan da suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu a ɓangaren Birtaniya. Babu sunayen sojoji sai na 'yan kaɗan da suka sami lambobin jarumta mafi girma.

Malam Na-Gwale: Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Bama, ta 81 da ta 82, kuma 'yan Arewa sun yi yawa a ciki har Hausa ta zama harshen bariki. Sunayen da yawa daga waɗanda suka mutu a can ba a ga gawarsu ba suna jikin bangon tunawa da ke Taukkyan, kusa da Yangon. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta amsa da bakinta cewa dubban 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a yaƙin duniya na farko ba a karrama su kamar Turawa ba, har ministan tsaro ya nemi gafara a majalisa. Ka kai shi. Wannan kam ban da ja.

Baban Walida: Assalamu alaikum. Mun dawo gida lafiya shekaranjiya, kuma na ga bai kamata in yi shiru ba bayan duk ɗawainiyar da kuka yi.

Ranar farko Westminster da jirgin ruwa har Greenwich. Muna tsaye bakin gada ƙararrawar ta buga sha ɗaya, Baba ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru, ya ƙirga har ta gama. Coci bai shiga ba. Hasumiyar Landan daga cikin jirgi muka gan ta. A Greenwich mun bi shawarar Gwaggo ta tasi, na biya muka shiga, ya tsaya a kan layin ya yi mini darasin da ya yi wa 'yan aji shida, da sandarsa yana nuna kudu. Ɗan Zango, ya ce a gaishe ka.

Rana ta biyu gidan tarihi. Keken guragu ya ƙi hawa ƙememe, sai 'yar kujerar ya karɓa. Mun sauka ɗakin Afirka a lif. Allunan tagullan an jera su ne a jikin sanduna, sahu-sahu, sun cika bango guda. Ya kafa kujerarsa a gabansu ya zauna kusan minti arba'in. Ya nuna mini murjanin wuyan Oba, da 'yan ƙananan ƙararrawa a ƙirjin mayaƙa, da Turawan Fotugal masu dogon gashi riƙe da bindiga, da ramukan ƙusa a gefen allunan inda aka ɓamɓaro su daga ginshiƙan fada. Wasu yara 'yan makaranta suka zo da malamarsu suna zana su a takarda. Ya bi su da kallo, ya ce mini cikin ɗalibansa dubbai babu ko ɗaya da ya taɓa samun wannan zaman. Daga nan ya ce mu tafi, bai ƙara son ganin komai a gidan ba, ko dutsen Rosetta a tsaye muka wuce shi. Da la'asar muka zagaya ta SOAS.

Rana ta uku Juma'a ce. Da safe muka leƙa Lancaster House ta bakin ƙofa, sannan muka hau titin nan a hankali, muna hutawa a kan benci. Gwaggo, gara da kika gargaɗe ni. A jikin ginshiƙan an rubuta Indiya, Pakistan, Bangaladash, Siri Lanka, kowace da sunanta. Mu kuwa kalma ɗaya ce, Afirka. Motoci na ta wucewa ta tsakanin ginshiƙan, masu yawon buɗe ido na wucewa zuwa fada, ba mai tsayawa. A gefe akwai dutsen da aka jera sunayen fagagen yaƙi. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya bi da yatsa har ya sami Bama. Sai ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da lambar kakanmu, a naɗe cikin hankici. Wallahi ban san ya taho da ita ba. Ya ɗora ta a kan rubutun, ya juya bayanta ya nuna mini, ita ma babu suna. Ya faɗi sunan mahaifinsa da ƙarfi, da sunan garinmu, da sunayen abokan yaƙinsa uku da yake jin labarinsu tun yana yaro, biyu ba su dawo ba. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Daga nan muka wuce masallaci.

Ustaz Abu Hanan: Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi wa mahaifinka.

Gwaggon Yara: Amin. Sau da yawa ina wucewa ta wurin a bas. Gobe in na tashi daga aiki zan sauka.

Malam Na-Gwale: Amin summa amin. Ra'ayina a kan tagullan bai sauya ba, maganar Baba game da yaran nan ma ƙara mini ƙarfi ta yi. Baban Walida, ina da roƙo. Ka zaunar da Baba ka ɗauki muryarsa a waya, duk abin da ya ji daga bakin kakanku: inda aka ɗauke su soja, jirgin da suka shiga, waƙoƙin bariki, sunayen nan uku da garuruwansu. In ya amince, ina so in kunna wa 'yan ajina.

Baban Walida: Na gaya masa Malam. Ya ce ka zo da kanka ranar Asabar bayan la'asar, akwai takardar sallamar kakanmu daga soja a cikin akwatin ƙarfe, zai fito maka da ita. Zan turo maka kwatancen gidan.